Tsakanin "Ina Zuwa" Da "I Am Coming"

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mu da muka tashi a wannan kusurwa ta arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, kukan gidanmu Hausa ne, wasunmu kuma har da Fillanci. Amma ran da yaro ya sa ƙafa a makarantar sakandare, sai a ce masa ya ajiye wannan kukan a bakin ƙofa ya ɗauki na mutanen Ingila. Da Turanci za a koya masa lissafi da kimiyya da tarihi, da shi zai nemi izinin fita, da shi kuma zai kare kansa in an kai ƙararsa. To amma harshe ba takalmi ba ne da za a tuɓe a bakin zaure. Duk inda mutum ya shiga da nasa yake shiga, ko da kuwa bakinsa Turanci yake yi.

Abin da ya sa ke nan muka ga ya kamata mu yi wannan ɗan rubutu a mujallar makaranta ta bana, musamman saboda ƙannenmu da za mu bari a baya. Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Ko jarrabawar WAEC mutum ya zauna, ko ta NECO wadda aka fara a shekarar 2000, Turanci ne ƙofar da kowa zai bi. Ɗalibi ya iya lissafi kamar me, in ya faɗi Turanci ya tsaya. Ko Jami'ar Bayero ta Kano ya nufa, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke nan Kazaure, sai an duba abin da ya samu a Turanci. Kowannenmu ya san wani haziƙi a garinsu wanda wannan darasi guda ya zaunar da shi a gida shekara biyu ko uku, bayan iyayensa sun sayar da gyaɗa ko akuya sun biya masa kuɗin jarrabawa.

Da muka kasa kunne a aji da ɗakin kwana da tashar mota da kasuwa, sai muka lura cewa abin da ake tarawa wuri ɗaya a kira shi ɓataccen Turanci ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda Hausa ce kawai ta sa rigar Turanci. Akwai wanda aka gada daga bakin na gaba, su ma gadonsa suka yi. Akwai kuma wanda Turancin ne da kansa ya karkace tun daga gidansu, aka ce mu haddace shi a haka. Wanda bai rarrabe waɗannan ba sai ya ɗauka kansa ne ba ya ja, alhali kuwa ba haka abin yake ba.

Bari mu fara da na farko. Mutum ya miƙe zai fita, ya juya baya, ya ce "I am coming." Baturen Ingila in ya ji haka ruɗewa zai yi, don ga mutum yana tafiya yana kuma cewa yana tahowa. Mu kuwa mun san "ina zuwa" ce, wato a dakata, yanzu zan dawo. Su abin da sukan ce shi ne "I will be back." Yarabawa da Ibo ma suna da irin wannan magana a harsunansu, shi ya sa daga Legas har Babura ba wanda zai tsaya tambayar ma'anarta. Haka nan in an daɗe ba a haɗu ba, sai ka ji an ce "Two days!" Kwana biyu ke nan, ko da an shekara rabon da a ga juna. A wurin Bature kuwa kwana biyu kwana biyu ne, ba ƙari ba ragi.

Sai kuma "sannu", wadda Turanci ba shi da madadinta ko kusa. Wani ya yi tuntuɓe, mu ce masa "sorry". Bature zai amsa da cewa ai ba laifinka ba ne, don ya ɗauka gafara kake nema. Mun iske manomi yana huɗa a bayan garin Gwiwa, mu ce "well done", muna nufin sannu da aiki. Su kuwa ba sa faɗin haka sai an gama aikin ya yi kyau, yabo ne ba gaisuwa ba. Mu muna da sannu da zuwa, sannu da hutawa, sannu da rana, sannu da ƙoƙari, sannu da haƙuri. Duk wannan dukiya, yaron da aka hana yin Hausa ina zai kai ta? Dole ya cusa ta cikin 'yan kalmomi biyun da ya samu. Wannan ai tarbiyya ce take neman hanyar fita, ba daƙiƙanci ba.

Kalmomin "ci" da "sha" da "ji" su ne suka fi jefa ɗalibai cikin rami. A Hausa ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin bashi, ana cin kasuwa, ana cin zaɓe, har amana ana ci. Ana shan ruwa, ana shan magani, ana shan rake da mangwaro, ana shan iska, ana shan wahala. Ana jin magana, ana jin ƙanshi, ana jin yunwa, ana jin Turanci. Saboda haka in yaro ya ce "I drank my medicine" alhali ƙwaya ya haɗiya, ko "I am hearing smell", ko "My grandmother does not hear English", Hausarsa daidai take, Turancin ne ya rarraba wa kowane aiki tasa kalmar: "take" ga magani, "smell" ga hanci, "understand" ga harshe. Haka "baƙo". A wurinmu wanda ya sauka a gidanka baƙo ne, wanda ba ka sani ba shi ma baƙo ne. Turanci ya raba su, na farko "guest", na biyu "stranger". Wanda ya rubuta "We have a stranger in our house" yana nufin kawunsa ya zo daga Roni, mai duba takarda zai ɗauka wani ne da ba a san daga inda ya fito ba. "Borrow me your biro" ma daga nan ta samo asali, don "ara mini" da "na ara" tushensu ɗaya a Hausa, amma a Turanci mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow".

Wanda ya fi duka haɗari shi ne amsar tambayar da aka yi ta da korewa. In Malam ya ce, "Ba ka yi aikin ba?" ɗalibin da bai yi ba zai ce, "E, Malam, ban yi ba." Wato ya gaskata maganar Malam. Wanda ya yi kuwa zai ce, "A'a, na yi." Wannan tsari ne mai ma'ana, ba inda ya karye. Amma Turanci ba ya duban maganar mai tambaya, aikin yake duba. In an yi, "yes". In ba a yi ba, "no", ko ta yaya aka juya tambayar. To, a ce kuɗi sun ɓace a ɗakin kwana, aka tara ɗalibai, aka tambayi wani, "You did not take the money?" Shi kuwa bai ɗauka ba, ya ce "Yes, sir." A zuciyarsa ya ce e, ban ɗauka ba. A ƙa'idar Turanci kuwa ya amsa laifi da bakinsa. Irin wannan tambaya tana jiran mutum a gaban likita, da gaban alƙali, da wurin ganawar neman aiki. Maganinta ɗaya ne: kada a tsaya a "yes" ko "no" kaɗai, a cika zance, a ce "No, I did not."

A wajen dangi kuwa, Turanci ne matalauci. Mu muna da wa da ƙane, ya da ƙanwa, kowa da matsayinsa. Su "brother" da "sister" kawai, sai an ƙara "elder" ko "younger". Shi ya sa ake jin "senior brother" da "junior sister" a bakin mutanenmu. Baffa daban, kawu daban, amma su duka "uncle" ne. Goggo daban, inna daban, su duka "aunt". Ɗan baffanka da kuka tashi gida ɗaya kuna cin tuwo a kwano ɗaya, a ce ka kira shi "cousin" kurum, sai bakinka ya ji nauyi, ka ƙara masa "brother" don kada ya zama bare. Mai duba jarrabawa zai ja jan layi a ƙarƙashin "cousin brother", kuma aikinsa ya yi. Amma mu san cewa abin da ya ja wa layin zumunci ne da Turanci bai tanadar masa suna ba.

Kashi na biyu shi ne wanda ba daga Hausa ya fito ba, yawo ya yi daga baki zuwa baki, daga jarida zuwa rediyo, daga ofis zuwa aji, har ya zauna. A tashar motar Kazaure za ka ji "reverse back", alhali "reverse" kanta komawa baya ce. Haka "return back" da "repeat again" da "should in case". Za ka ji "off the light" da "on the fan", an mai da ƙananan kalmomi aikatau, an jefar da "switch". Fasinja zai ce "I will drop here", kamar shi kaya ne da zai faɗo daga saman mota. A kasuwar Babura mai saye yana kiran mai gero kwastomansa, mai gero ma yana kiransa haka, alhali a Turanci mai saye ne kaɗai "customer".

Waɗannan da sauƙi, don ko an yi su ana gane nufi. Akwai waɗanda ke juya ma'ana gaba ɗaya. Mutum ya ce wa mazambaci "dupe", alhali "dupe" shi ne wanda aka zambata. A kira fitinanne "troubleshooter", alhali wannan suna ne na mai warware matsala, fitinanne kuwa "troublemaker" ne. Wato ka tashi zagin mutum ka yabe shi, ko ka tashi kai ƙarar ɓarawo ka kira shi wanda aka yi wa sata.

Karin maganar Turawa ma ba su tsira ba. A wurin taron ba da kyaututtuka ba a rasa mai cewa "more grease to your elbow". Asalinta "more power to your elbow" ce, aka gauraya ta da wata maganar dabam, "elbow grease", wadda ke nufin aikin ƙarfi. Sai kuma "cut your coat according to your size". Turawa "cloth" suka ce, ba "size" ba, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Kowane tela a Kazaure ya san cewa girman mutum ba shi ne ke yanke hukunci ba, yadin da ya kawo ne. Ƙato mai yadi uku ba zai sami babbar riga ba. Nufin maganar shi ne iya kuɗinka iya shagalinka. Da aka sauya kalma ɗaya, sai hikimar ta zube.

Yanzu sai kashi na uku, inda za mu ɗan huta mu dubi masu harshen su ma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura, ya ga tankokin mai da aka rubuta wa "Highly Inflammable". An koya mana a aji cewa "in" a farkon kalma korewa ce: "correct" da "incorrect", "visible" da "invisible". To, bisa wannan ƙa'ida, ɗalibi mai hankali zai fassara rubutun tankar da cewa abin da ke ciki ba ya kama wuta! Alhali "inflammable" da "flammable" duk abu ɗaya suke nufi, wato mai saurin kamawa. Dalili shi ne kalmar daga Latin ta zo, kuma "in" ɗin da ke kanta ba ta korewa ba ce. Ga ƙa'ida ta kai mai bin ta bakin wuta.

Ba ita kaɗai ba ce. In fitila ta mutu su ce "the light went off", in ƙararrawar agogo ta fara kuka su ce "the alarm went off". Kalma ɗaya, nan mutuwa, can tashi. "A few" kaɗan ne, amma "quite a few" da yawa. "Valueless" abin banza ne, "invaluable" kuwa abin da ya fi ƙarfin kuɗi. "Oversee" lura da aiki, "overlook" kau da kai daga gare shi, alhali "see" da "look" duk da ido ake yin su. "Slim chance" da "fat chance", siriri da mai ƙiba, duk suna nufin da wuya abin ya yiwu. In mutum ya wuntsila su ce ya faɗi "head over heels", wato kai a sama dugadugai a ƙasa. To, da can a ina kan yake? Asalin maganar "heels over head" ce, a ƙarni na 18 ta juye a bakin masu ita, suka bar ta a haka. Mutanen Amurka kuma in abu bai dame su ba sukan ce "I could care less", wadda in an bi ta kalma-kalma tana nufin ya ɗan dame su.

Me ya kawo haka? Turanci harshe ne da ya sha gauraye. A shekarar 1066 Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a shekaru aru-aru, ga kuma Latin na malamai. Kowa ya zuba nasa a tukunya ɗaya. Abin da ya daɗe a bakin jama'a shi ya zama daidai, ko ya bi hankali ko bai bi ba.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma da Hausarmu muna kashe fitila, mu kashe kuɗi, mu kashe aure, ba jini ko ɗigo. Rana tana faɗuwa kullum ba ta taɓa fashewa ba. A tambayi wanda ya wuni yana noma, "Ina gajiya?" ya ce "Ba gajiya." A tambayi majinyacin da ko zama ba ya iyawa, "Yaya jiki?" ya ce "Da sauƙi." Baƙon da ke koyon Hausa haka zai riƙe baki yana mamakinmu. Ashe kowane harshe da irin tasa karkatar, kuma ba a koyonsa da lissafi, sai da saurare da sabo.

Mu tuna kuma Turanci bai daɗe a ƙasar nan ba. A 1903 Turawa suka ci Kano, a 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Kakanninmu da suka fara jin harshen ba su ji tsoronsa ba, lanƙwasa shi suka yi ya dace da bakinsu. Daga nan muka sami Razdan da Di'o da En'e da Joji, da samanja da kofur. "Canteen" ta zama kanti, "barracks" ta zama bariki, har ma'anarsu ta sauya. Yau ba mai cewa kuskure ne, sun zama Hausa. In ka bar Babura ka yi arewa ka ƙetare iyaka zuwa Magariya a Jamhuriyar Nijar, za ka iske 'yan'uwanmu sun yi wa Faransanci haka, makarantar boko lakwal, malaminta mushe.

Su ma masu Turancin sun fara sakkowa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya. A cikinsu akwai "next tomorrow", wato jibi, wadda Bature sai ya jera kalmomi huɗu kafin ya faɗe ta, mu kuwa muna da gata da citta a bayanta. Akwai "severally" da ma'anar sau da yawa, akwai "barbing salon", akwai "Kannywood". Har da "send-forth", wato irin bikin sallamar da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe, wanda a Ingila "send-off" ake ce masa. Abin da aka sha jan kunnen yayyenmu a kansa, ga shi ya shiga littafi.

Sai dai a yi hattara. Ƙamus ya shigar da su ne a matsayin Turancin Nijeriya, bai ce sun zama na ko'ina ba. Saboda haka ba mu ba kowa shawarar ya rubuta "next tomorrow" a takardar jarrabawa ko ta neman aiki ba. Rigar zuwa gona daban, ta zuwa ɗaurin aure daban, kuma mai hankali yana da duka biyun a adaka, ya san ranar kowacce.

Shawararmu ga ƙannenmu ita ce, kowa ya sami ɗan littafi ya raba shafinsa gida uku: abin da ake faɗi a gari, abin da jarrabawa take so, da ma'anarsa da Hausa. Duk maganar da Malam ya ja wa layi, a tambaye shi dalili, don matambayi ba ya ɓata. A riƙa shiga laburare, a karanta labari ko jarida ko da shafi biyu ne a rana, domin waɗannan karkatattun maganganu ba a kama su da ƙa'ida, sai an yi ta cin karo da su.

Ga manyan ɗalibai kuma masu kama 'yan banakula, muna roƙon a gyara ba tare da dariya ba. Mun ga yaran da suka zo daga ƙauyukan Roni da Gwiwa da bakinsu da kaifinsu, aka yi musu ihu sau ɗaya a gaban aji saboda "I am coming", suka kulle baki har zango ya ƙare. Wanda ya yi shiru ba ya kuskure, amma kuma ba ya koyo. Da rarrafe yaro kan tashi. Yaron da ya ce "two days" ba wawa ba ne, harshe biyu ne ke kokawa a bakinsa, wani ma uku, alhali yawancin waɗanda suka haifi Turancin da guda ɗaya suka dogara.

Mu koyi Turanci har mu fi masu shi iya rubuta shi, don da shi za mu ci jarrabawa mu nemi abinci. Mu kuma riƙe Hausarmu da kyau, don kayan aro ba ya rufe katara, kuma wanda ya san inda maganarsa ta fito shi ya fi saurin gane inda za ta karkace. Muna yi wa 'yan ajin ƙarshe fatan sa'a a jarrabawa, malamanmu na Turanci kuma muna ce musu sannu da ƙoƙari. Ba za mu fassara ta ba, don mun riga mun faɗi dalili.